Na Baya Ke Dubawa

Ranar kasuwar Agiye ce. Labo ya sayi buhun dusa don tumakinsa, ya ɗaure shi a gaban moto, wato babur ɗinsa, ya kama hanyar Gazawa rana na gab da faɗuwa. Tsohon sojan lema ne, kuma duk fadar da ya zauna sai kun ƙoshi da labarin jirgi: ɗan ƙaramin jirgin ɗaukar kaya, mutum goma sha biyu a matse, ƙofa a buɗe, iska na marin fuska. Ya dira sau arba'in da ɗaya, in ji shi. Amma dira ta sha bakwai, wannan kam ba ya taɓo ta.

Ga yadda aikin yake. Kafin a dira, kowa zai maƙala ƙugiyarsa a wayar da ke saman kai, don igiyar ƙugiyar ce ke fizge lema ta buɗe. Mutum ba ya ganin bayansa, shi ya sa na baya ke duba igiyar na gaba. In ta yi daidai sai ya daki kafaɗarsa sau biyu. Da jin wannan duka ake fita, ba waiwaye.

A ranar dira ta sha bakwai ɗin, Ɗan Bala ne a gaban Labo. Ɗan Bala uban baki, wanda ya baza wa bariki kaf cewa Labo ya jiƙa wando a dirarsa ta farko, har mata masu tuwo suna kiransa Mai Ruwa. Labo ya ga igiyar ta sarƙe a ɗamarar jakar lema. Ya gani sarai. Ya ce a ransa bari shi ma ya ɗanɗana tsoro, ai akwai lema ta biyu a ƙirjinsa. Ya daki kafaɗar sau biyu. Lema ta biyu ta naɗe da ta farko, Ɗan Bala ya faɗo ƙasa ya mutu. Aka ce ƙaddara, aka rufe magana, yau shekara talatin da ɗaya.

Ana kiran magariba a wani ƙauye can nesa sai bayan moto ya nutse, kamar ƙato ya hau. Labo bai tsaya wa kowa ba.

Wari ya biyo. Man jirgi, zufa, da tsohon tamfol. Kukan moto ya sauya, ya koma wannan rugugin da ke shiga haƙori.

Gwiwoyi biyu suka matse cinyoyinsa.

Sai yatsu a bayansa, masu sanyi. Suka fara daga wuya suna bi a hankali, suna lalube, suna ja, har ƙugu. Labo ya san wannan lalube.

"Labo," murya ta raɗa a kunnensa. "Yau ni ne a baya."

"Ɗan Bala, don girman Allah. Ban nufe ka da mutuwa ba."

"Yi shiru. Ina dubawa."

A gaba gada ce kan kori, busasshen rafi mai zurfi. Labo ya nemi burki, yatsunsa suka ƙi. Ya ɗauko addu'a, ta ɓace masa.

"Tashi."

Ƙafafunsa suka miƙe bisa moto, ba da izininsa ba.

"Maƙala."

Hannunsa na hagu ya yi sama, yana neman waya a iska.

"Babu igiya," ya ce, hawaye na zuba. "Babu lema a bayana."

"Na gani. Na gani sarai."

Duka ɗaya a kafaɗa.

Na biyu.

Labo ya dira.

Tsohon horo ne ya cece shi. Ƙafa a haɗe, gwiwa a lanƙwashe, ya mirgina cikin rairayi. Ƙashin ƙugu ya karye. Wasu makiyaya suka tsince shi, wandonsa a jiƙe sharkaf.

Da ya fara takawa da sanda, ya shiga mota har Sae Sabuwa, gidan Lantana, matar marigayin. Ya durƙusa a tsakar gida ya faɗa mata komai, bai rage ba. Tana tankaɗe, ba ta ajiye rariya ba sai da ya gama.

"Malam Labo, ƴaƴa uku na raina ni kaɗai, ina cewa ƙaddara," ta ce. "Ban yafe ba. Shi ma na ga bai yafe ba."

Tun daga nan Labo ya bar labarin jirgi. Ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa. Ko a masallaci sahun ƙarshe yake bi, ya manna baya da bango. Amma Juma'ar da ta wuce, an yi sallama kowa na zaune, sai aka ga ya miƙe zumbur, fuska duk hawaye, hannun hagu a sama yana laluben waya.