Ciwon da Dauren Ya Sauko da Shi

Gab da magariba, da na tashi daga aikina na jinya a asibiti, na nufi gidan ƙanena Dauren, ɗauke da romon naman doki da sabon bandeji. Bai daɗe da saukowa daga tashar sararin samaniya ba. Ya ƙara tsawo, amma ƙafafunsa sun zama kamar na ɗan maraƙi sabon haihuwa. Likitoci sun ce ƙashinsa ya yi laushi, kuma ciwo a can sama ba ya saurin warkewa. Ƙarfe ne ya yanke shi a hannu yana gyara a wajen tashar.

Na same shi zaune kusa da murhu, ya ɗaure ƙugunsa a jikin kujera da ɗamara.

"Kai da ka zaga duniya, kujera ce za ta kayar da kai?" na ce.

Bai yi dariya ba. Ya miƙo hannun.

Na warware tsohon bandejin. Wani ƙauri ya buge ni, irin na ƙarfen da aka yi wa walda. Yankan na nan ɗanye, kamar yau aka yi shi.

Jini ya tsattsafo. Bai gangara ba. Ya dunƙule, ya rabu da fatar, ya yi sama a hankali.

"Yaya," ya ce cikin raɗa, "kada ki ɗaga kai."

"Mene ne a can?"

"Ranar da na yanke, wani abu ya ɗanɗana jinina. Tare muka sauko."

Daga saman ɗakin na ji ana tsotso, kamar jariri a nono.

Sai tsotson ya tsaya.

Gyalena ya tashi. Romon ya fito daga kwano, ya tsaya a iska. Diddigena ya bar ƙasa.

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyata.

Na damƙi ƙarfen murhu, tafina yana ƙuna, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Dauren ya riƙe rigata yana kuka. Wani abu ya lashi bayan hannuna, ya zagayo zuwa ƙunar.

Na faɗo.

Cikin satin ciwon Dauren ya rufe. Likitoci suka yi murna, ya koma tafiya ba sanda.

Ƙunata kuwa har yau ɗanya ce. Na bar aikin asibiti, kada abin ya bi ni wurin masu ciwo. Ban gaya masa ba, domin yanzu ne ya fara samun barci.