Yarinyar da Ta Turara Bishiya

Ina da wata jika 'yar aji huɗu, muna zaune tare a unguwar Ruwais. Wata rana ta dawo daga makaranta rungume da tukunyar shuka. A ciki akwai 'yar bishiya mai ganye siri-siri kamar allura.

"Sitti, sunanta sanaubar," in ji ta, don Sitti take kirana, wato kaka. "Malamarmu Abla Wafa' ta ce in ta rayu, ni zan dasa ta a lambun makaranta."

Na ce, "To, baƙuwa ce daga kan duwatsu. Ki karrama ta."

A gidanmu, in an yi baƙo, turaren wuta ake kawo masa. Ashe yarinyar nan ta riƙe maganata. Kullum bayan la'asar sai ta kai kasko baranda, ta lulluɓe bishiyar da mayafi don ƙamshi ya kama.

Ba a jima ba ganyen ya fara komawa ruwan ƙasa, yana zuba. Rannan na same ta da kaskon a hannu.

"Ke, me zan gani haka? Na ce ki karrama ta, ban ce ki kyafe ta kamar kifi ba."

Ta fashe da kuka. "Halas, shi ke nan, ta mutu?"

Washegari na raka ta wajen malamarsu, muka tafi da tukunyar. Abla Wafa' ta ɗauko madubi mai ƙara girman abu, ta ɗora a kan wani ganye mai sauran kore.

"Leƙa, habibti. Me kika gani?"

"Ɗigo-ɗigo farare, sun yi sahu kamar masu salla."

"Bakunanta ne. Ta nan take numfashi. To, duba wannan busasshen."

Yarinyar ta sake leƙawa. "Duk sun toshe da baƙi."

Ni ma na karɓa na leƙa. Subhanallah. Na tsufa ban san ganye yana da baki ba, kuma ɗaruruwa a jikin abin da bai kai tsinken tsintsiya ba.

Malamar ta ce, "Haka hayaƙin motoci da na masana'antu yake yi wa manyan bishiyoyi. Ya ma fi naki sharri."

Da muka koma gida, jikata ta riƙa goge ganyen da jiƙaƙƙiyar auduga. Ta ɗauke tukunyar daga ɓangaren titi. Sannu a hankali sabon toho ya leƙo, kore shar. Ranar dashe, da hannunta ta rufe saiwar da ƙasa.

'Ya'yana, bishiya tana numfashi kamar ku. Hayaƙin da zai sa ku tari, ita ma yana shaƙe ta, sai dai ba ta da bakin faɗa muku.