Tabarmar Bikin Lupe

"Ke kika kira su?"

Lupe ba ta ɗago ba. Suna zaune a sashen gaggawa na wani asibiti a garin Logan, ita da Mama Siniva, mahaifiyar saurayin da za ta aura wata mai zuwa. A bayan ƙofar gilashi saurayin nata, Malaki, na kwance, 'yan sanda biyu tsaye a kansa.

"Da ke nake, yarinya!"

"Motar asibiti na kira, Mama..."

"Motar asibiti ce ta sa wa ɗana ankwa a gaban fasto?"

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Tun rasuwar mahaifinsa Malaki ya daina barci. Ranar Lahadi dangi suka taru cin abinci bayan coci, har da fasto, kamar yadda su 'yan Samoa suka saba. Ya tafi bayan gida yankan ganyen ayaba, bai dawo ba. Lupe ta same shi zaune a ƙasa yana gaya wa mahaifinsa cewa yana nan tafe.

Ta buga lambar gaggawa. Matar da ta ɗauka ta tambaya ko akwai makami a hannunsa. Lupe ta ce adda. A gidajensu adda kayan girki ce, ta faɗa ne kamar mai cewa yana riƙe da ludayi. Sai ga motocin 'yan sanda sun cika layin.

Wata 'yar sanda ta fito ta tsaya gabansu.

"Ba kama shi muka yi ba," in ji ta. "Doka ta ba mu ikon kawo mutum asibiti idan ana tsoron zai cutar da kansa. Likita na da awa shida ya duba shi, yana iya ƙarawa. Kafin nan ba zai fita ba."

"Ko ni uwarsa na ce a sake shi?"

"Ko ke, Mama."

Ta cikin gilashin Malaki ya hango Lupe. Ya juya fuskarsa bango.

Likita ya duba shi, ya riƙe shi. A bakin ƙofa Mama Siniva ta ce, ba tare da ta kalle ta ba, "Addu'a ɗana yake buƙata, kika kai shi ɗakin mahaukata. Ki gaya wa babanki babu biki."

Lupe ta ci gaba da zuwa aiki. Amma kullum sai ta maimaita kiran nan a ranta. Da ta ce babu komai a hannunsa... Da ta kira fasto... Da ta yi shiru...

Ranar da aka sallami Malaki, babanta ya sauko da tabarma mai laushi wadda kakarta ta saƙa domin bikinta.

"Gobe za mu je ba da haƙuri irin na gida," ya ce. "Zan zauna a ƙofarsu a lulluɓe ni da tabarmar nan. Idan sun yaye tabarmar, sun yafe. Idan ba su yaye ba, mu yini a rana."

"Ni za a lulluɓe, Baba."

"Ba haka al'ada ta ce ba."

"Ni na yi kiran."

Da sassafe ta durƙusa a kan ciyawar ƙofar gidan, tabarmar a kanta. Motar kwashe shara ta wuce. Wani maƙwabci ya leƙo ya tambaya ko lafiya, babanta ya ce lafiya. Rana ta ɗaga, gwiwoyinta suka mutu.

Can ta ji ƙarar ƙofa, sai takun ƙafa. Ta ƙasan tabarmar ta ga hannun da ta sani, da shatin ankwa a wuyan hannun.

"Zuciyata," in ji Malaki, "wa ya ce miki kin iya durƙuso? Ko a coci jingina kike yi."

"Ka yafe mini, masoyi..."

"Malaki, koma ciki!" Muryar Mama Siniva ce daga baranda.

"Mama, wa aka yi wa laifi?"

"Gidan nan! Sunan babanka!"

"Mutum ashirin ne a gidan nan ranar," ya ce a hankali. "Kowa ya ga ba na barci. Kowa ya ce in daure, ni ne namiji. Mama, ba ganyen ayaba na je yanka ba. Ban yi niyyar dawowa ba."

Sai ya ƙara da cewa:

"Na ji haushinta, har yanzu ankwar nan tana mini ciwo. Amma ita kaɗai ce ta ɗauki waya."

Lupe ta ji silifa na saukowa daga matakala, a hankali. Haske ya buge idonta. Mama Siniva ce tsaye, tabarmar a hannunta. Ta daɗe tana naɗe ta, gefe a kan gefe.

"Na ji shi yana magana da babansa tun kafin ke," ta ce. "Na ƙara sautin rediyo."

Ta miƙa wa Lupe tabarmar.

"Tashi, 'yata. Ki ajiye wannan, ranar biki ake kawo ta."