Zariya Biyu, Wando Ɗaya

Bayan sallar asuba aka shaida wa Insifeta cewa telan da aka kama kan zargin satar keken ɗinki ya rasu a ɗakin tsare mutane. Saje, wanda ya kamo shi, ya ce da zariyar wandonsa ya rataye kansa, har ya ajiye wata farar zariya a kan tebur.

Insifeta ya yi salati, ya buɗe mayafin gawar. Shatar da ke wuya siririya ce, amma haƙarƙari duk tabon kulki. Saje ya ce ai faɗuwa ya yi garin gudu.

Babban jami'in ofishin ya kira Insifeta gefe, ya tuna masa cewa idan mutum ya kashe kansa babu ruwan hukuma, idan kuwa a hannun ɗan sanda ya mutu, gwamnati ce za ta biya diyya, ofishinsu ya sha kunya. Insifeta ya ce shi dai sai ya bincika. Daga ranar, da ya shigo ofis sai hira ta mutu. Shi kaɗai yake cin abincinsa.

Ya je gidan mamacin, ya tarar da mahaifiyarsa zaune a kan tabarma, babu mai zaman makoki ko ɗaya, domin labarin rataya ya riga shi zuwa unguwar.

"Ɗan nan, ba diyya ce ta dame ni ba," in ji ta. "Yaron da bai taɓa barin sahu ba, yau maƙwabta suna jin nauyin roƙa masa gafara."

Ta miƙo masa ledar kayan da ofis ya mayar mata, wadda ta kasa buɗewa. A ciki akwai takalmi, hula, carbi, da zariya shuɗiya naɗe a jikin carbin. Ta ce ɗanta ne ya ɗinka ta, daga ragowar yadin wandonsa.

Ƙa'idar aiki ce, ba a shigar da mutum ɗakin tsarewa sai an karɓe masa ɗamara da zariya a kan kantar ofis. Insifeta ya koma ya tsare kurtun da ke kanta ranar. Kurtu ya fara cewa ya manta.

"Ka manta ka karɓa, ko ka manta ka cire daga leda?"

Kurtu ya dubi shuɗiyar zariyar. Ya ce da hannunsa ya zare ta, telan ya shiga riƙe da wandonsa. Farar kuwa Saje ne ya ɗauko daga kayan wani tsararre.

Insifeta ya jera su biyun a gaban Saje.

"Abokin aiki, wando ɗaya ne a jikin telan. Wace ce tasa?"

Saje ya ce so yake telan ya faɗi inda keken yake, sai duka ya zarce. Da ya ga ba ya numfashi, ya ɗaura masa zariya a wuya.

"Allah ya gani, ban yi nufin kisa ba, ranka ya daɗe."

"Shi ya gani tun kafin mu gani," in ji Insifeta.

A kan kanta aka karɓi ɗamarar Saje da igiyar takalminsa, aka wuce da shi ciki.

Babu wanda ya amsa sallamar Insifeta da zai tashi. Ya bi ta gidan tsohuwar, ya gaya mata ɗanta bai kashe kansa ba, haƙƙin jininsa ya hau kan hukuma, kotu za ta yanke diyya. Ta roƙe shi ya fara faɗa wa liman. Ya je ya faɗa, sannan ya dawo ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarmarta, shi ne ɗan makoki na farko.