Toshin da Afra'u Ta Nema

A cikin adaidaita sahu ya fara ganinta, a hanyar Kibiya zuwa Rano, ta rungume kwanon man shanu kamar jariri. Salahuddeen ba mai yawan magana ba ne, amma kafin su sauka ya san sunanta Afra'u, 'yar Malam Ishiyaku na Fammar, har ya karɓi lambarta.

So ya kama su sosai. Abu ɗaya ne ya tsaya a tsakani. Ya gama ɗaukar darasi a kwalejin ilimi, saura furojet, binciken ƙarshe. 'Yan ajinsu sun karɓi sakamako, shi ko babi na ɗaya bai rubuta ba. Da ya shimfiɗa takarda sai ya tuna babur ɗin yayansa na son wanki.

Malam Ishiyaku ya faɗa wa 'yarsa kai tsaye: "Wanda bai ƙarasa abin da ya fara ba, ba zan ba shi 'ya ba. Da kaka zan aurar da ke tare da yayarki. In bai gama ba, ga Mukhtar nan ya turo."

Mukhtar mai shagon waya ne a Rano, kullum cikin shadda.

Tun daga ranar da Afra'u ta faɗa masa, barci ya ƙaurace wa Salahuddeen. Sai ya taso daga garinsu Zurgu, ya laɓe a gindin tsamiya yana gadin ƙofar gidan su Afra'u, zuciyarsa na tafasa.

Ya tura mata saƙo: "Hasken idona, babur ɗin wa na gani a ƙofarku?"

Ta mayar: "Na wanda ya yi sallama ne. Kai da ka laɓe a tsamiya, babi na nawa kake?"

Washegari bayan la'asar ya zo zance da toshi, turare mai tsada. Ta ƙi karɓa.

"Nasa ya fi ƙamshi ko?"

"Ka ji ka! Yaya Salah, kishin nan ma hanyar gudun rubutu ce. Wallahi gadin Mukhtar ya fi maka sauƙi a kan zama da biro."

Ya shiga tona ƙasa da tsinke.

"Tun ina firamare 'yan Zurgu ke ce mini Farfesa," ya ce a hankali. "Ban taɓa yin na biyu ba. In na kai rubutun nan malami ya cika shi da jan biro fa? Muddin ban rubuta ba, ba wanda zai ce na kasa."

"To ni ba Farfesa nake so ba, kai nake so. Daga yau toshina shafi ɗaya ne. Mummuna ma ina so. Ba shafi, ba zance."

Ya ɗauka wasa take. Ranar da ya zo hannu rabbana, ƙanwarta ta leƙo ta ce Anti tana aiki. Yana juyawa ya ci karo da babur ɗin Mukhtar yana shigowa layin. A kan tushen tsamiyar nan ya zauna, ya ɗora takarda a gwiwa, ya yi ta rubutu cikin fushi har aka kira magariba.

Afra'u ta karanta, ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai, masoyi, wannan ya cika muni. Gobe ka ƙaro."

Da ya kai wa malaminsa, jan biro ya sha har gefen takarda. Ya tsaya a bakin ofis yana jiran ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba. Ya koma gida ya gyara.

Ana cire gyaɗa ya miƙa aikin, ana sussukar dawa magabatansa suka isa Fammar da goro.

Ranar ɗaurin aure Mukhtar ya zo ya ba shi hannu. Salahuddeen ya karɓa yana murmushin dole, yana lura kada ya matsa kusa da zaure.

Malam Ishiyaku ya dafa kafaɗarsa. "Saki fuskarka, ɗana, an riga an shafa fatiha. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Salahuddeen ya sunkuyar da kai. "Amin, Baba."