Maganin da Mashudatu Ta Hana

Da hantsi ne, a tsakar gidansu na unguwar Dabokpa, Mashudatu na shafa wa surukarta Mma Safiatu man kaɗanya a ƙafa, sai ga Alimatu, yayar mijinta, ta faɗo ba sallama.

"Munafuka! Kina shafa mata ƙafa, maganinta kuwa kin kulle a lab!"

Ciwon daji ke cin Mma tun bara, ko bara waccan, Allah ya san daidai. Ita Mashudatu aikinta binciken magani a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Ciwon yana da wani sinadari, enzayim, mai sa sojojin jini masu yaƙar cuta barci. Ita kuma tana ƙera wata 'yar ƙwaya da za ta toshe shi, sojojin su farka. Amma a farantin gwaji kaɗai aka gwada ta, ba a jikin mai rai ba. Mijinta Fataw ya san haka sarai, shi ne ma ya cika wa dangi baki wai matarsa ta gano magani.

Mashudatu ta juya ga mijinta da ke tsaye a gefe. "Fataw, gaya musu gaskiya mana!"

Ya dubi yayarsa, ya dubi ƙasa. "Yaya, na roƙe ta. Ta ƙi."

Bai taɓa roƙonta ba! Wannan ne mutumin da ke ce mata "doktata"? Ta shige ɗaki tana kuka, Alimatu na ce wa Fataw, "Sai ka sake ta, wallahi!"

Dangi suka daina amsa gaisuwarta. Ba ta tona asirin Fataw ba, ba ta kuma fasa kai Mma asibiti ba. Wata rana suna dawowa a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, wajen unguwar Nyohini, tsohuwar ta kama hannunta.

"'Yata, maganin nan, mutum nawa suka sha?"

"Ko ɗaya, Mma. Ko ɓera bai sha ba tukuna. Zai iya kashe ki."

"Fataw ya sani?"

Mashudatu ta sunkuyar da kai, hawaye suka amsa. Mma ta gane.

Suna isa gida Mma ta sa aka kira 'yan gidan duka.

"Kai, Fataw! Ni za ka sa a gaban ɓera? Bakinka ya jawo, ka ɗora wa yarinya!"

Ya durƙusa. "Mma, kunya na ji..."

"Ba ni za ka roƙa ba."

Ya juya. "Mashu, ki yafe mini, don Allah."

"Na yafe," in ji ta. "Amma gidan dangi ɗaya bayan ɗaya za ka bi, da bakinka ka gyara."

Ya bi kuwa, har unguwar Dungu. Mma ta ci gaba da maganin asibiti, ba ta yarda kowa ya raka ta sai Mashudatu.

Yara, wanda ke ƙaunarku da gaske yakan hana ku abin da kuke kuka a kansa. Kada ku sayar da shi don tsoron kunyar yini ɗaya.