Jan Ƙyallen da Kyaftin Ya Manta

"Sojan ƙasa?!"

Cokalin da ke hannun Baba ya suɓuce cikin kofin shayi, har sai da ya fantsalo wa Umma a hannu.

"Baba, matuƙin jirgi ne fa..." na faɗa.

"Matuƙin me? Auta, dube ni da kyau! Sojan ƙasa aikinsa tafiya a ƙasa, shi ya sa aka ba shi manyan takalma. Wa ya aike su sama?"

Yaya, da ba ya barin faɗa ya wuce bai zuba masa fetur ba, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Mai saukar ungulu yake tuƙawa, Baba. Fankar nan mai kujeru!"

Na galla masa harara, kamar in yi kuka.

Gidanmu gidan sojan sama ne tun daga ƙofa har labule. Baba ya tuƙa jiragen yaƙi har ya yi ritaya, Yaya ya gaje shi, ni kuma likita ce a rundunar, ni ke duba matuƙa kafin su tashi. Har yau Baba ba ya shiga motarsa sai ya zagaye ta yana taɓa kowace taya, yana leƙa ƙarƙashi, kamar yadda ya saba yi wa jirgi. Maƙwabta sun yi dariya sun gaji.

To a irin wannan gidan ne zuciyata ta rasa wanda za ta ɗauko sai Kyaftin na sojan ƙasa!

Kuma a lokacin rundunonin biyu ko ga maciji ba sa yi. Tunda sojan ƙasa suka sayi nasu jiragen suka buɗe nasu sashen, manya ke ta kai ruwa rana. Namu suna cewa duk abin da ya bar ƙasa nasu ne. Su kuma suna cewa sun gaji da roƙon jirgi alhali yaransu na kwance a daji da rauni. Matsalar ita ce jiragen nasu sun fi matuƙansu yawa, kuma girman kai ya hana su aron ko mutum ɗaya daga wajenmu.

"Haba Kwamanda," in ji Umma tana goge hannunta, "yaron nan ko ganinsa ba ka yi ba. Ni na gan shi, akwai ladabi."

"Ladabi ba ya tuƙa jirgi."

"Baba, don Allah..." Hawaye suka zubo min. "Wallahi ina son shi. Ban taɓa son kowa haka ba."

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ja numfashi.

"Akwai wasan jirage na haɗin gwiwa ranar Asabar, an gayyace ni. Zan zauna a layin gaba. In ga yadda yake da jirgi, sannan mu yi magana. Ban yi alkawarin komai ba!"

Ai ban san sanda na yi tsalle na rungume Umma ba. Da gudu na shige ɗaki na kira shi.

"Masoyina! Baba ya ce zai kalle ka ranar Asabar!"

"Da gaske?!" Ihun da ya yi sai da na janye wayar daga kunnena. "Likitata, ki ce wa Baba ya riƙe hularsa da kyau! Zan juya jirgin nan har sai ya miƙe tsaye yana tafi!"

Ina jin ƙarar injin a bayansa. A makon nan ambaliya ta cinye garuruwa, su ne ke kwaso mutane daga kan rufin gidaje tun safe har duhu.

"Ka samu ka yi barci kuwa?"

"Barci? Wannan ai na masu manyan jirage ne, mu talakawa sai gyangyaɗi."

"Ba wasa nake ba fa..."

"Rabin raina, kwantar da hankalinki. Bayan Asabar zan yi barci har ki gaji da tashina."

Na yi dariya, amma hankalina bai kwanta ba.

Ranar Asabar filin ya cika maƙil tun da hantsi. Tutoci na kaɗawa, 'yan badujala na busa, yara na ihu duk sanda jirgi ya wuce. Namu sun zauna a dama cikin shuɗi, nasu a hagu cikin kore, kowa na hararar kowa. Na hango Baba a layin gaba, ya ƙame kamar shi ne zai ba da umarnin tashi.

Ni kuwa ina cikin tantin asibiti. Dokar ranar ita ce duk matuƙin da zai tashi, ko na wace runduna ne, sai na duba shi na sa hannu.

Sai ga shi ya ɗaga labulen tantin ya shigo yana murmushi.



Idanunsa sun yi jajir, sun zurma. Ya yi aski, ya fesa turare, kakinsa ya sha guga, amma maɓallin ƙirjinsa ya shiga ramin da ba nasa ba.

"Yaushe ka sauka daga aikin ambaliya?"

"Ɗazu da asuba. Yaya kika ga angon naki?"

"Zauna. Miƙo hannunka."

Na naɗa masa abin awon jini, na juya in ɗauko abin sauraren ƙirji. Kafin in juyo, kansa ya langaɓe a kafaɗa. Barci yake, bakinsa a ɗan buɗe!

"Kyaftin!"

Ya zabura. "Na'am! Ina ji, hasumiya, ina ji..."

Hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka yake amsa wa. Bai ma san a inda yake ba.

Na ajiye biron.

"Ba zan sa hannu ba."

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. "Me kika ce?"

"Ba za ka tashi yau ba."

"Likitata... wasa kike, ko? Babanki na can zaune! Yau ce kaɗai damar da ya ba ni!"

"Na sani."

"Kin sani? To so kike ya ce sojan ƙasa matsorata ne? So kike in rasa ki?"

"So nake in same ka da rai!" Kuka ya ƙwace min. "Gara Baba ya hana ni kai, in riƙa hango ka kana yawo a gari, da in tsaya a filin nan ina kallon hayaƙi!"

Hayaniyarmu ce ta jawo Kanal, shugaban sashensu. Ya faɗo tantin kamar zai tsaga shi.

"Me nake ji? Wa ya hana yarona tashi?"

"Ni ce, Yallaɓai. Ya gaji, bai da..."

"Dama na sani! Likitar sojan sama! Turo ki aka yi ki kunyata mu a gaban jama'a, ko? Kun ga gwaninmu kun tsorata!"

"Yallaɓai, barci ya yi ina auna shi."

"Soja ne, ba jariri ba! Jirgin nawa ne, yaron nawa ne, ni zan ɗauki alhakin." Ya juya. "Kyaftin, ga jirginka can. Wuce!"

Kyaftin ya miƙe. Na riƙo hannun rigarsa.

"Don Allah... don son da kake min..."

Ya zare hannuna a hankali, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Don shi zan tashi," ya ce, ya fita.

Na biyo shi da gudu har bakin igiyar da ta raba 'yan kallo da jirage. Ɓangaren kore suka ɓarke da tafi da fito. Mai sanarwa na ta kwarara masa kirari a lasifika.

Akwai abin da kowane matuƙi ya sani tun ranarsa ta farko. Idan jirgi na ajiye, ana toshe wani ɗan bututu da ke hancinsa don kada ƙwari su shiga. Da bututun nan jirgi ke sanin gudunsa, in aka tashi da shi a toshe, agogon gudu ƙarya zai riƙa yi maka. Shi ya sa ake ɗaura wa murfin dogon jan ƙyalle, wanda ko daga nesa za ka hango. Kuma matuƙi da kansa yake zagaya jirgi ya cire shi.

Kyaftin ya fara zagayen. Ya taɓa ƙafar jirgin, ya leƙa wutsiya, ya ɗaga kai ya dubi fukafukan. Ya zo hancin... ƙyallen na kaɗawa har yana shafar gwiwarsa.

Ya wuce shi.

Makanikansa ma, da suka kwana aiki tare da shi, suna tsaye suna hamma, babu wanda ya lura!

Na buɗe baki in yi ihu, badujala ta haɗiye muryata. Na waiga wajen Baba. Ya miƙe tsaye, ya cire tabarau, hannunsa ya damƙe sandarsa. Shi ma ya gani.

Kyaftin ya hau, ya zauna, ya ja bel. Ya ɗaga hannu zai kunna injin...

Sai iska ta ɗaga ƙyallen, ya yi fal-fal a gaban gilashinsa.

Hannun nasa ya tsaya a sama.

Wallahi ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Abu ne mai sauƙi ya yafito makaniki ya fizge ƙyallen, ya tashi abinsa, mutane ƙalilan ne za su gane.

Sai na ga ya kwance bel. Ya buɗe ƙofa ya sauko, ya cire ƙyallen da hannunsa, ya tsaya yana kallonsa. Daga nan ya taka har gaban Kanal ya ƙame.

"Yallaɓai, ba zan tashi ba."

"Me?!"

"Na wuce wannan ban gan shi ba. Ban san me kuma na wuce ba. Akwai yara a filin nan, Yallaɓai. A hukunta ni, amma ban cancanci tashi yau ba."

Ɓangaren shuɗi suka fashe da ihu. "Fanka ta lalace! A kawo mai gyara!" Har da Yaya a ciki, ina hango shi yana riƙe ciki.

Kyaftin ya nufo ni kansa a ƙasa, ya miƙo min ƙyallen.

"Kin yi gaskiya, Likitata. Ki yafe min. Na san na rasa ki..."

Na damƙe ƙyallen ina kuka ina dariya lokaci guda.

"KU YI MIN SHIRU!"

Muryar Baba ce, ko lasifika bai nema ba. Ya tsallake igiya yana dogara sanda, ya juya ya fuskanci 'yan rundunarsa.

"Dariyar me kuke? Kai," ya nuna Yaya, "sauke haƙoran nan! Yaron nan ya kwana yana ciro mutane daga ruwa kuna kwance kuna minshari! A cikinku wa zai iya sauka daga jirgi a gaban taro irin wannan ya ce ya gaji?"



Ya juya kan Kanal. "Kai kuma, matuƙa kake nema ka kasa buɗe baki? Ga su nan zaune suna ƙiba! Ka aro su mana! Ko sai kun binne yaro sannan za ku gane sama ta ishi kowa?"

Kanal ya sara wa Baba ya yi gefe.

Sannan Baba ya tako gaban Kyaftin, ya dube shi sama da ƙasa. Kyaftin ya ƙame yana tangaɗi.

"Baba, ku yi haƙuri, ban samu na nuna muku tuƙina ba..."

"Wa ya ce maka tuƙi na zo gani? Na ce zan ga yadda kake da jirgi, kuma na gani." Ya miƙa hannu ya gyara masa maɓallin nan da ya shiga ramin da ba nasa ba. "Na binne abokai gwanaye, yaro. Duk cikinsu babu wanda bai iya juya jirgi ba. Wuce mu je gida."

Da muka isa wajen mota, Baba ya fara zagayensa na kullum. Sai ga Kyaftin a bayansa, ido rabi a rufe, shi ma yana taɓa tayoyin ɗaya bayan ɗaya! Umma ta toshe baki da mayafi tana dariya har da hawaye.

A falonmu akwai wata kujera da babu mai zama a kanta sai Baba, ko Yaya bai isa ba. Kyaftin bai sani ba. Yana shiga ya zube a kanta, kafin in kawo masa ruwa ya yi nisa, takalmansa ma bai cire ba.

Yaya ya shigo yana huci, ya ga abin da ke faruwa, ya zaro ido.

"Baba! Kujerarka fa! Sojan ƙasa a kan kuj..."

"Shhh!" Baba ya ɗaga masa sanda. Ya sunkuya da ƙyar, ya zare wa Kyaftin manyan takalman nan da ya gama zagi, ya ajiye su a gefe. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi ƙasa da murya.

"Duk wanda ya tayar min da surukina, ni da shi ne."

Surukina!

Na dubi Umma, Umma ta dube ni. Ihun murna ya taso min tun daga ciki, ga shi an hana ko tari. Sai na cusa jan ƙyallen nan a bakina na cije, ina ta tsalle a tsakiyar falo ba sauti, shi kuwa angon nawa yana ta zuba minshari a kujerar Baba.